Abin da Na Cire daga Rubutun Safiyanu

Sallama gare ku, masu bibiyar labarina tun farko da waɗanda suka faɗo yau. Ni ce dai Mukarrama ta Janfalan, malamar aji uku a wata firamare a Ikara, wadda kuke ta zolaya wai duk faɗin ƙasar Zazzau ta rasa wanda za ta so sai ɗan dambe. Na ji, na kuma yafe. Yau ba raha na zo mu yi ba, laifina na zo in faɗa da bakina, don haka ku gyara zama.

Ga wanda bai sani ba, Safiyanu ne mai nemana. Ɗan Gubuchi ne, gidansu mahauta ne tun kaka da kakanni. Ranar kasuwar Makarfi yana tsaye a teburin naman babansa, in an gama girbi kuma ya shiga fage. Baba ya san duk wannan. Da farko bai ji daɗi ba, kwana uku yana amsa min gaisuwa a daƙile. Amma da ya sa aka bincika, aka ce yaron yana salla, ba ya tauye awo, ba a taɓa jin shi da matar wani ba, sai ya ce manyansa su zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Juma'ar nan da ke gabanmu. Inna har ta jiƙa geron fura, ta ciro jar dardumar nan da ba a shimfiɗawa sai an yi baƙin kunya. Ni kuma atamfata mai ruwan ganye tana wurin tela, na ce masa in ya ɓata wuyan rigar ni da shi ne.

Sati biyu da suka wuce Safiyanu ya ce yana son ya yi rubutu a Fesbuk. Samarin garinsu ne suke ta tare shi suna tambayar yadda aka yi ya bar shaye-shaye, ya gaji da amsa wa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi difloma, ya iya rubutu sarai, amma yatsun hannunsa na dama sun kumbura sun sandare, danna waya azaba ce a wurinsa. Sai muka shirya: ya riƙa turo min saƙon murya, ni in mayar rubutu, in tura masa ya saka a shafinsa. Ba wanda ya san da hannuna a ciki.

Saƙo bakwai ya turo. Lokacin tara nake saurara, ina zaune a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, abin ji a kunne, awara tana hucewa a cinyata. Ya ba da labarin yadda ya gama karatu ya dawo gida da takarda a leda, shekara biyu ba aiki, yana jin kunyar tsayawa a teburin babansa don kada abokan karatu su gan shi da wuƙa da ƙudaje. Ya faɗi yadda ya fara da maganin tari, kwalba ɗaya ta zama uku. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda ya ce:

"Mutane suna zaton dambe duka yake koya wa mutum. Duka kowa ya iya, ni tun ina maye na iya. Abin da fage ya koya min shi ne tsayawa. Da hannun abokin karawarka ya taɓa ƙasa, naka ya mutu, ko da kuwa jininka yana tafasa. Ranar da na fara tsayawa, ranar na san na zama namiji."

Na rubuta wannan ina share hawaye da bakin hijabi, har wata malama ta tambaye ni ko yaji ne ya yi yawa.

Sai saƙo na shida. A ciki ya ce shekara biyar da suka wuce, kafin ya san fage, yana cikin maye ya bugi wani kwandasta mai suna Bilya a wata tasha a Kudan, ya karya masa muƙamuƙi. Saƙon yana da ci gaba, za ku ji shi in mun je wurin. Na saurare shi har ƙarshe, sau biyu. Sannan na tuna Yaya Yahuza, babban wana, wanda ba ya ajiye waya ko a kan tabarmar cin tuwo. Na tuna Baba da Juma'a. Na ce a raina, mutumin da zan aura ba zai tsaya gaban duniya ya ce ya taɓa karya wa bawan Allah baki ba. Na tsallake na shida, na ɗinke na biyar da na bakwai, ɗinkin kuwa ya yi kyau, ba wanda zai ce an cire wani abu.

Da na tura masa, ya ɗan jima kafin ya amsa.

"Na ga babu na shida."

"Ya yi tsawo ne," na rubuta. "Mutane ba sa karanta dogon abu."

"To."

Wannan "to" ɗin kaɗai ya turo, ya saka rubutun yadda na ba shi.

Jama'a, ban taɓa ganin abu ya bazu haka ba. Kafin a tashi makaranta washegari sharhi ya wuce ɗari uku. Na manta da abincin rana, na zauna a shagon caji na bakin hanya ina karantawa. Wani mai acaɓa a Ikara ya ce shi ma digirinsa na cikin akwatin uwarsa, kuma tun da ya karanta ya daina saukar da kai in ya ɗauko tsohon abokin karatu. Wani ya kawo wa'azi mai tsawo, ya ce fuskar ɗan Adam abar girmamawa ce, ba a mayar da dukanta sana'a. Wani mai bakin tsiya ya ce namiji shi ne wanda ya kawo cefane, sauran duk motsa jiki ne, mata suka yi ta tura masa dariya. Wata uwa ta rubuta layi biyu kawai, ta ce ɗanta yana cikin halin da Safiyanu ya fito, ko zai yarda ta kawo masa shi. Maza suka kaure da musu a kan mene ne mazantaka, kowa yana auna ta da abin da shi ya iya. Ni dai ina ta murmushi, kaina ya yi girma, kamar ni aka yaba.

Akwai wata Hafiza daga Kudan da sharhinta ya tsaya min a wuya. Ba ta zage shi ba. Cewa ta yi: "A fage akwai alƙali, akwai kalangu, akwai idon jama'a, shi ya sa kake tsayawa. A ɗaki in matarka ta ɓata maka rai, wa zai tsayar da kai? Ina tambaya ne don na zauna da wanda ba ya tsayawa." Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Tambayar da ni kaina nake gudun yi wa kaina ce ta yi a bainar jama'a.

Kwana na uku abin ya juye. Wani Sama'ila ya rubuta: "Ka iya tsara magana. Me ya sa ba ka faɗa musu abin da ka yi wa Bilya a tasha ba? Ina wurin. Yana ƙasa ka ƙara masa. Har yau bakinsa a karkace yake. Mai tuban gaskiya ba ya zaɓar zunubin da zai sa a tafa masa."

Waɗanda jiya suke ce masa gwarzo, su ne suka fara kiransa maƙaryaci. Mai wa'azin nan ya dawo ya ce da ma ya faɗa. Uwar da ta ce za ta kawo ɗanta ta goge sharhinta, wannan ya fi komai yi min ciwo. Safiyanu kuwa bai amsa wa kowa ba. Na kira shi, na ji ƙarar sara a kan katako, yana teburin nama. Na ce ya gaya musu ba shi ya cire ba.

"In ce wa ya cire?" ya tambaya.

Ya ci gaba:

"Ni na karanta, ni na danna. Kuma abin da Sama'ila ya faɗa gaskiya ne. Ki bar shi, Mukarrama, kada sunanki ya shiga bakin mutane ana saura kwana kaɗan."

Na bar shi ɗin kuwa, Allah ya yafe min. Kwana biyu ina kallon ana jifansa saboda abin da ni na yi, ina cin tuwona, ina zuwa wurin tela gwajin riga.

Jiya Talata bayan la'asar, na dawo daga makaranta ko hijabi ban cire ba, Inna ta ce Baba yana kirana. Ta faɗa ba tare da ta dube ni ba, tana ta juya barkonon da aka shanya a tsakar gida alhali ba ya buƙatar juyi. Na same shi a gindin mangwaro yana ɓare masara a kwarya. Yaya Yahuza yana zaune a kan babur ɗinsa daga gefe, ya harɗe hannu, fuskar nan kamar wanda aka ba aron ta.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi makaranta da yara, sannan ya ce:

"Uwata, an ce yaron nan ya yi rubutu a waya. Ni boko ya wuce ni. Karanta min."

Na karanta masa tun daga farko. Kalmomin na san su, ni na jera su. Bai daina ɓare masara ba. Da na zo wurin tsayawa, ya ɗan gyaɗa kai. Ya ce in karanta abin da mutane suka ce. Na karanta na mai acaɓa, na mai wa'azi, na mai cefane, har ya yi ɗan murmushi. Na karanta na Hafiza, ya ce Allah ya saka wa baiwar Allah nan. Sai ga na Sama'ila a ƙarƙashin babban yatsana. Na tura shi sama, na ci gaba da na gaba.

Baba ya ajiye masarar.

"Akwai ɗaya bayan na matar Kudan. Yayanki ya karanta min shi da safe."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na koma na karanta.

Bai ɗaga murya ba, Baba ba ya ɗaga murya. Ya ce fawa sana'a ce ta halal, ya haƙura. Dambe kuma yana yaro shi ma ya sha tsallake katanga ya je kallo, ya haƙura. Ko dukan da aka ce ya yi a cikin maye, in ya tuba Allah mai karɓa ne. Amma mutumin da zai fito ya ce zai faɗi laifinsa, sai ya faɗi rabin da zai jawo masa yabo ya danne rabin da zai jawo masa kunya, wannan ba zai ba shi 'yarsa ba, don kuwa haka zai riƙa ba ta labarin komai rabi-rabi har su tsufa. Ya juya ya ce wa Yaya Yahuza ya tashi ya je Gubuchi ya ba su haƙuri, kada su wahalar da kansu ranar Juma'a.

Ku da kuke ce min mai baki, da kun gan ni a lokacin. In na yi shiru, na rasa Safiyanu a kan laifin da bai yi ba. In na yi magana, Baba zai san 'yarsa da yake kira uwarsa ta san saurayinta ya taɓa karya wa mutum baki, ta ɓoye masa, ta kuma ɓoye wa duniya. Yaya ya riga ya sa makulli a babur.

"Baba, ba shi ya danne ba. Ni ce."

Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Yaya Yahuza ya fara faɗa, Baba ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Na lalubo saƙo na shida, na ƙure ƙarar waya, na ajiye ta a kan tabarma kusa da kwaryar masara. Muryar Safiyanu ta cika tsakar gidanmu, har Inna ta daina juya barkono.

"Wannan ki rubuta shi yadda na faɗa, kada ki gyara. Bilya bai yi min komai ba, cewa ya yi in matsa a wuce da buhu. Na buge shi ya faɗi, na ƙara masa a ƙasa. Wata uku da kunu ya rayu, har yau maganarsa ba ta fita sosai. Babana ya kama hannuna ya kai ni gidansu, ya ce su yi min duk abin da suka ga dama. Ba su yi min komai ba, da sun doke ni da ya fi min sauƙi. Bayan shekara guda na shiga dambe. Ranar wasana na farko ina zaune a bakin fage, zare a gabana, ina duban wanda zai naɗe min hannu. Sai mutum ya durƙusa ya ɗauki zaren. Bilya ne. Ya ce tunda hannun nan ba zai bar duka ba, gara shi ya riƙa ɗaure shi, shi ya riƙa kwance shi. Shekara huɗu ke nan ba wanda ya naɗe min hannu sai shi. In ya kwance zaren, duka ya ƙare har ranar da zai sake ɗaurawa. Duk wanda yake son ya san ko na canja, kada ya tambaye ni, ya tambayi Bilya."

Saƙon ya ƙare, ba a jin komai sai kaji. Baba ya ce in sake sakawa. Na sake.

Ya daɗe yana duban wayar. Sannan ya ce wa Yaya, ba ni ba, ɗan dambe ba ya miƙa hannunsa ga kowa da kowa. In mai naɗin ya matse da yawa, jini ya tsaya, hannu ya mutu a fage. In ya sassauta, yatsu su karye a bugun farko. Wanda yake da ƙullin mutum a zuciya, a nan zai rama, ba wanda zai gane. Shekara huɗu yaron nan yana miƙa hannunsa ga wanda ya fi kowa dalilin lalata shi, shi kuma yana mayar masa da shi lafiya.

Ya juyo gare ni. Ban taɓa ganin idonsa haka ba, ba fushi ba ne, da fushi ne da na fi iya ɗauka.

"Uwata, sau biyu ke nan kina tsallake magana saboda shi. Tun ba a ɗaura ba kin fara rufa masa asiri a inda bai roƙe ki ba. In wata rana ya yi miki abin da matar Kudan take tsoro, haka za ki tsallake min shi?"

Kuka kawai nake yi. Har yanzu da nake rubuta muku wannan ban gama amsa tambayar nan a raina ba.

Ya ce wa Yaya ya cire makullin. Su zo ranar Juma'a yadda aka yi, amma da sharaɗi: Bilya ya kasance cikin masu zuwa. Yaya ya ce ai an ce mutumin ba ya iya magana sosai. Baba ya ce ba sai ya yi magana ba, zai ga inda ya zauna da yadda yake duban yaron. Ni kuma ya ce in mayar wa mutum maganarsa inda na cire ta, tun kafin rana ta faɗi.

A ɗakin Inna na zauna, a bakin gado, na rubuta saƙo na shida kalma bayan kalma, ban gyara ko wasali ba. Na saka shi a ƙarƙashin sharhin Sama'ila, da sunana da hotona, na ce ni Mukarrama Inuwa ni na rubuta masa, ni na cire wannan, shi ya faɗa tun farko. Inna tana tsaye a kaina tana cewa yanzu duk Janfalan za su san kina hira da shi a waya. Na ce sun riga sun sani, Inna. Ta ja tsaki, amma ta miƙo min kofin fura.

Wayar ta fara kaɗawa ba tsayawa. Wasu suna sa albarka, wasu suna cewa mata ke nan, wata ta ce da ita ce ma haka za ta yi. Sama'ila ya rubuta cewa bai san ƙarshen labarin ba, ya bar Kudan da daɗewa. Hafiza ta ce ta ji, amma tambayarta tana nan, kuma ni ya kamata in riƙe ta. Na duba ko uwar nan ta dawo, ban gan ta ba. Duk ban damu da sauran ba, na tura wa Safiyanu sharaɗin Baba, saƙonsa kaɗai nake jira.

Sai yau ana kiran magariba ya shigo. Na murya ne, gajere. Na sa a kunne ina tsammanin zai yi min faɗa ko godiya.

"Na gani, Mukarrama. Na je wurin Bilya na gaya masa abin da Baba ya ce. Zai zo. Amma ya ce kafin ya shiga wurin Baba, ke yake son ya fara gani. Ashe tun ranar farko ya sa ƙanwarsa ta karanta masa rubutun, yana ta jira ya ji inda aka ambace shi, har aka kai ƙarshe. Bai gaya min ba sai yau. Ya ce shekara huɗu yana naɗe hannun da ya karya shi, bai taɓa jin ya zama abin kunya ba sai ranar nan."

Duk kwanakin nan ina lissafin Baba, da Yaya, da Safiyanu, da bakin mutane. Ko sau ɗaya ban tuna cewa Bilya ma yana da kunne ba. Tela ya aiko da rigar ɗazu, wuyan ya yi daidai, tana nan a ninke a kan akwati ban ko gwada ba. Jibi zan durƙusa gaban mutumin da ban taɓa gani ba, kuma wannan karon ba abin da zan iya tsallakewa.